Kyamarar Ɗaurawa a Ƙirji: Yadda Za Ka Zaɓi Mai Sauƙin Kuɗi Kafin Hawa a Daura

Da azumi ya raba tsakiya, samarin Daura masu harkar doki sukan shiga hidima biyu: gyaran sirdi da linzami da sauran kayan hawa, da kuma neman abin da za a ɗauki hawan da shi. A da waya ce kawai. Yanzu ido ya koma kan 'yar ƙaramar kyamarar nan mai kusurwa huɗu da ake ɗaurawa a ƙirji ko a hular kwano, wadda kowa ke kira GoPro ko da wani kamfani ne daban ya ƙera ta. Sha'awar tana da dalili. Garin da ke da hawan Sallah da hawan Magajiya da Sallar Gani, garin da baƙi ke zuwa takanas don su leƙa rijiyar Kusugu, ya cancanci 'ya'yansa su riƙa ɗaukar abin da ke faruwa a cikinsa da hannunsu, su adana. Abin da ke damuna shi ne yawan kuɗin da ke salwanta wajen sayen kyamarar da ba za ta iya aikin ba, saboda an bi lambar da ke jikin kwali.

Kafin ka zaro ko sisi, tambayi kanka a ina za ka kasance ranar hawa. In a gefen hanya za ka tsaya cikin 'yan kallo, kana jiran Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ya wuce da tawagarsa, to wannan kyamara ba taka ba ce. Idonta faɗi gare shi, an yi shi don ya kwashe duk abin da ke gabansa, ba ya jawo na nesa. Mahayin da ke taku talatin daga inda kake zai fito a hoton kamar ƙwayar gero, sai sararin sama da ƙeyar mutanen da ke gabanka su cinye sauran. Wayar da ke aljihunka ta fi ta a nan. Amfanin kyamarar yana bayyana ne idan kai ma kana cikin motsin: kana kan doki, ko kana kan babur daga Daura zuwa Mai'adua ko Zango, ko kana aikin da hannuwanka biyu ba su da sarari, kamar makanike ko mai noman rani da ke son nuna wa mutane yadda ake yi. In haka ne, ci gaba da karatu.

Kasuwar ta kasu kusan gida uku. A sama akwai manyan kamfanoni: GoPro na Amurka, wanda Nick Woodman ya kafa a 2002, da DJI da Insta360 na ƙasar Sin. Sababbin manyan samfuransu sukan fito a kan dala 350 zuwa 400 ko sama, wanda in aka juya shi zuwa naira ya fi ƙarfin yawancin masu sha'awar. A tsakiya akwai irin su Akaso da SJCAM, masu suna da adireshi, waɗanda za ka iya samun wasu samfuransu ƙasa da dala 100. A can ƙasa kuma akwai tarin kyamarori marasa uba, kwali mai ƙyalli, an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, an cusa tarkacen robobi goma sha a ciki, farashi kuma kamar kyauta. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi cika shaguna, su ne kuma suka fi sa mutane cizon yatsa. Araha ba ta ado.

Bari mu tsaya a kan maganar 4K ɗin nan, domin a nan ake cin kasuwar mutane. Hoton 4K na gaskiya ɗigo 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 8 a kowane firam, ninki huɗu na 1080p. Kafin kyamara ta iya wannan sai tana da sensa mai kyau da injin sarrafa hoto mai ƙarfi, su kuwa kuɗi ne. Abin da masu arahar ke yi shi ne su ɗauki ƙaramin hoto su buɗa shi ya cika ma'aunin 4K. Kwamfuta za ta nuna maka lambar daidai, amma babu wani ƙarin bayani a cikin hoton, sai nauyin fayil da cin memori. Gane wannan ba wuya. Ka fito ƙofar shagon, ka nemi allon wani shago da ke tsallaken titi mai ƙananan rubutu da lambar waya. Ɗauke shi na daƙiƙa goma a 1080p, ka sake ɗauka daga wuri guda a 4K. Tura su biyun cikin waya ko kwamfuta, ka buɗa hoton a kan rubutun. In lambar wayar da ba ta karantuwa a na farko ta karantu a na biyu, 4K ɗin na gaske ne. In duk ɗaya suke, ka san abin da ke hannunka. Kada ka yarda da ɗan allon bayan kyamarar, komai kyau yake yi a kansa saboda ƙanƙantarsa.

Amma ni a ganina ko da 4K ɗin ya tabbata, ba shi ne abin nema na farko ba. Yawancin bidiyon nan a WhatsApp da Facebook da TikTok zai ƙare, inda za a matse shi a kalle shi a waya. Abin da ke raba bidiyon da ake kallo har ƙarshe da wanda ake wucewa shi ne rashin girgiza. Doki a sukuwa yana jijjiga mahayi sama da ƙasa, babur a hanyar da ba kwalta yana kakkarwa, kyamarar da ba ta iya danne wannan ba za ta ba ka abin da zai sa mai kallo jiri. A kwali za ka ga an rubuta EIS, wato kyamarar tana yanke gefen hoton kaɗan tana amfani da shi wajen daidaita motsi. GoPro na kiran nasa HyperSmooth, ya fara da Hero7 Black a 2018, DJI kuma na kiran nasa RockSteady. Kusan kowace kyamara yanzu tana da'awar tana da shi, ingancin ne ya sha bamban nesa ba kusa ba. A wasu masu arahar ma, da ka zaɓi mafi girman hoto sai ya mutu, ba ya aiki sai ka sauko ƙasa. Shiga cikin saitin ka gani da idonka. Sannan ka kunna shi, ka riƙe kyamarar a ƙirji, ka yi sassarfa daga nan zuwa can ka dawo. Duba layukan gine-gine a bidiyon: in suna lanƙwashewa suna rawa, ajiye ta, ko nawa aka rage maka.

Wannan ne ya sa shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara duba na hannu daga manyan kamfanoni kafin sabuwa marar suna. Hero7 Black ko Hero8 Black ta 2019 ko Hero9 ta 2020, ko Osmo Action 3 ta DJI da ta fito a 2022, in suna da lafiya, har gobe sun fi sababbin kwalaye masu ƙyalli danne girgiza. Tsakanin Hero8 da Hero9 akwai bambancin da ya shafe mu ƙwarai: gilashin gaban Hero8 a manne yake, in ya fashe ko ya karce ka shiga uku, na Hero9 kuwa ana murɗe shi a cire a sa wani. A ƙasar yashi da tsakuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma 'yar ƙaramar GoPro Hero da aka fitar a 2024 a kan dala 199. Tana da kyau, amma ka sani batirinta a ciki yake ba a canzawa, kuma gyaran girgizarta a manhajar waya ake yi bayan an ɗauka. Ga mai yinin hawa, batirin da ba a canzawa cikas ne babba.

Sayen na hannu yana son natsuwa. Ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka je, ko a hannun wani ka samu a nan gida, tafi da katin memorinka da wayarka da isasshen lokaci. Cire batirin ka aza shi a kan tebur: in ya kumbura yana lilo, ko da ƙyar ya fito daga raminsa, ya gama yayi. Haska gilashin da tocila ta gefe ka nemi karce ko hazo a ciki, hazo alama ce ruwa ya taɓa shiga. Duba robar da ke zagaye da ƙofar batir, kada ta kasance ta tsage ko ta bushe. Haɗa kyamarar da wayarka a nan take, domin wasu wayoyin ba sa ɗaukar manhajar kyamarar, kuma na DJI sai an kunna su ta manhajar Mimo kafin su saki jiki su yi aiki. Daga nan sai gwaji mafi muhimmanci: kunna ɗauka ka bar ta minti ashirin ba tsayawa. Ɗumi dole ne. Amma in ta mutu da kanta ko ta sandare, ka gode wa mai ita ka kama gabanka. Mai kayan da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne a zuba duk kuɗin a kan kyamara, a zo sayen memori a ɗauki mafi araha. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tanada don kati da batir da maɗauri, ko da hakan zai sa ka sauko mataki ɗaya a kyamarar.

Katin memori shi ne rumbun aikin gaba ɗaya. Nemi wanda aka rubuta V30 ko U3 a jikinsa, ma'ana yana iya rubuta aƙalla megabait 30 a kowace daƙiƙa ba yankewa. Katin da bai kai haka ba zai sa ɗauka ta riƙa tsayawa da kanta, ka yi ta zargin kyamara alhali ba laifinta. Lissafin girma kuwa mai sauƙi ne: kyamarar da ke ɗauka a megabit 60 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 27 a awa ɗaya, mai megabit 100 kuma kusan 45. Ke nan kati mai 64 zai ba ka tsakanin kusan awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu da ɗoriya. Na fi son katuna biyu masu 64 a kan ɗaya mai 128, don in ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba, kuma wasu ƙananan kyamarori ba sa karɓar manyan katuna. Babbar masifa ita ce jabu. Ana buga sunan SanDisk ko Samsung a kan katin da cikinsa bai wuce gigabait 8 ba, an yi masa dabara yana nuna 128. Zai yi ta karɓar bidiyo kamar lafiya lau, sai ka zo kallo ka tarar na farkon ne kawai ke buɗewa, ko ma babu ko ɗaya. Ka yi tunanin wanda ya ɗauki hawan Magajiya tun fitowa har komawa, ya dawo gida ya tara 'yan'uwa, fayil ya ƙi buɗewa, kuma hawan ba ya maimaituwa sai wani zagayen. Maganin abin shi ne gwaji tun ranar saye. Akwai 'yar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa. In ba ka da ita, cika katin fal da bidiyoyi, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Bayan ya ci jarrabawa, ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta.

Batir kuma, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. A aikace ka ƙaddara awa ɗaya ko ƙasa da haka in kana ɗaukar babban hoto da gyaran girgiza a kunne. Batir biyu na ƙari da cajar da ke cin biyu ko uku lokaci guda, da fawa bank mai 10,000mAh, sun ishe ka yini, musamman da yake ba kullum ake samun wuta a daren jajibere ba. Kashe Wi-Fi da allon gaba in ba ka buƙatarsu.

Zafi abokin gaba ne na gaske a nan. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a wannan yanki kan haura digiri 40. Waɗannan kyamarori ba su da fanka, iskar tafiya ce ke sanyaya su. Shi ya sa wadda ke ƙirjin mai sukuwa takan jure, wadda aka kafa a rana tsaye kuma ta kashe kanta. Riƙa ɗauka guntu-guntu, minti biyu ko uku, ka kashe a tsakani, wannan zai kuma sauƙaƙa maka tacewa daga baya. Kada ka bar batir a cikin mota a rufe ko a kan tankin babur.

Sai maɗauri. Kusan duk kyamarorin nan suna amfani da ƙafa iri ɗaya mai yatsu da ake ɗaurewa da kusa mai murɗawa, don haka kayan wannan suna shiga na wancan, kuma ba sai ka sayi na kamfani mai tsada ba. Jakar kayan ɗauri mai tarkace hamsin da ake sayarwa kuwa, abu uku ko huɗu ne za ka yi amfani da su a ciki. Ga mahayin doki, maɗaurin ƙirji ya fi komai. Jikin mutum yana rage jijjigar kafin ta kai ga kyamara, kuma hoton yana fitowa da wuyan doki da kunnuwansa da hannunka riƙe da linzami, abin da ke sa mai kallo ya ji kamar shi ne a kan sirdin. In ka ɗaure ta a kwacciyar sirdi, duk bugun kofato a cikinta zai ƙare. Ga wata dabara da ba kowa ya sani ba: mahayi yana sunkuyawa gaba idan doki ya zabura, don haka kyamarar da ka saita tana kallon gaba kana zaune a miƙe za ta koma kallon gezar doki da ƙasa a lokacin da ka fi buƙatarta. Juya ta kai ƙasa a kan maɗaurin, ka ɗaga idonta sama kaɗan, ita da kanta za ta miƙar da hoton ko ka juya shi a saiti. Ɗaure maɗaurin ya kama jiki sosai a kan 'yar ciki, ka tabbata babbar riga ko jelar rawani ba za ta faɗo ta rufe idon ba. Kashe ƙarar da take yi in an danna ta, saboda doki mai firgita. Kuma ka tuna ƙarfe ne da roba mai tauri a kan ƙirjinka, in dokin sabo ne bai gama horuwa ba, bar kyamarar a gida. Sandar ɗaukar hoto mai tsawo kuma ba ta da wuri a tsakiyar dawaki, za ka iya tsorata dokin wani ka jawo abin da ba a so.

Ga mai babur, guji ɗaure ta a kan sitiyari. Injin Boxer ko Jincheng yana da 'yar kakkarwa mai sauri da ke sa hoto ya riƙa malelekuwa, gyaran girgiza kuma ba ya iya mata. Ƙirji ko haɓar hular kwano sun fi. In maɗaurin mai gam ne, wanke wurin ya bushe, manna ka danna da ƙarfi, ka bar shi kwana ɗaya cur kafin ka ɗora masa nauyi. Ko yaya ya kama, ƙara 'yar igiya ka ɗaure kyamarar da jikinka ko da hular, domin gam yana saki a zafi.

Ƙurar filin hawa da ta hunturu ba ta da kyau ga gilashi. Sayi gilashin kariya na mannawa tun ranar farko, kuɗinsa kaɗan ne. In ƙura ta hau, hure ta tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, kada ka murza da bakin riga, yashin da ke ciki ne zai karce shi. Kada ka buɗe ƙofar batir a tsakiyar ƙura, koma gefe ka juya wa iska baya. Manyan samfuran GoPro da DJI ba sa shan ruwa ko ba kwanso, har zurfin mita 10 ko fiye, don haka ana iya ɗauraye su da ruwa mai tsabta in ƙofofin a rufe suke, kuma yayyafin da kan riski Sallar Gani yanzu da take faɗowa a ƙarshen damina ba zai dame su ba. Masu arahar kuwa sai an saka su a cikin kwanson roba, shi kuma kwanson yana toshe sauti ya ƙara zafi. Ka zaɓa: kariya ko murya.

Sauti dai ko a masu tsadar rauni gare shi. Iska tana busawa a makirfon, harbin 'yan bindiga yana fasa shi. In kana son algaita da kakaki da kirarin maroƙa su fito yadda kunne ya ji su, ba wani ɗan'uwa waya ya naɗi sautin daban daga inda ba iska, ku haɗa wajen tacewa. Ɗan soso da aka manna a bakin makirfon ma yana rage kukan iska.

Wajen saiti, ga abin da zan ce ka fara da shi: 1080p ko 2.7K a firam 50 don sukuwa da tafiyar babur. Firam 50 yana ba ka damar rage gudun bidiyon da rabi ya fito sumul, yadda za a ga tashin ƙura da kaɗawar alkyabba. Dalilin zaɓen 25 da 50 maimakon 30 da 60 shi ne wutar lantarkinmu a kan 50Hz take, in ka saɓa za ka ga hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu. Wannan matsakaicin hoton ya fi sauƙin zafi da batir da memori, kuma wayarka za ta iya buɗe shi a CapCut ba tare da ta sandare ba. Da magariba ta yi kuwa, mayar da kyamarar jaka. Sensarta ƙarama ce, a duhu hoton yakan cika da dusa-dusa, gyaran girgizar ma ya koma ɓata shi. Bikin dare aikin waya ce mai kyau ko babbar kyamara.

Akwai abin da ba a sayarwa a shago, wato sanin inda ake ɗauka da inda ba a ɗauka. Ƙanƙantar kyamarar tana sa mutane ba sa lura tana aiki, wannan kuwa amana ce a wuyanka. A harabar fada, nemi izini wurin dogarai ko masu kula da tsari, ka tsaya inda aka ce ka tsaya. In a tawagar wani hakimi za ka hau, sanar da shugaban tawagar tun kafin ranar. Kashe ta in za ka shiga gidan mutane, kada ka ɗauki matan aure da 'yan mata ka watsa ba da yardarsu ba. A shingayen jami'an tsaro da bakin iyaka irin na Kongolam, cire ta daga ƙirji gaba ɗaya ka sa a jaka tun kafin ka iso.

Kada ka bari sai ana jibi Sallah ka je saye, lokacin kaya sun yi tsada kuma ba sararin mayarwa. Saya da saura mako biyu ko uku, ka karɓi rasit, ka yi yarjejeniyar canji da mai shago a gaban shaida. Ka fita kilisa da ita sau biyu ko uku da yamma, sanye da irin kayan da za ka sa ranar, ka dawo ka kalli abin da ka ɗauka a babban allo, ka gyara kusurwa da ɗauri har sai ya zauna. In kuɗinka bai kai na kyamara mai danne girgiza da kati na gaske da batir na ƙari ba, ka haƙura bana ka ɗauka da waya, ka ci gaba da tari zuwa hawa na gaba.